Bangon da Awaki Ke Lasa

A bakin garin Dakoro, ta wajen hanyar Korahane, akwai wani gida mai ɗaki ɗaya na ƙasa da bukkokin zana. Ɗakin gajere ne, dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Gidan Dela ne, matar Sallau mai amalanke.

Dela 'yar Korahane ce. A hannun kakarta ta tashi, wata tsohuwa mai awaki, wadda ta miƙa mata sandar kiwo tun tana 'yar ƙarama. Sauran yara in sun kai awaki jeji, inuwar aduwa suke nema su baje wasa. Ita kuwa bayan akuya take bi, tana kallon abin da take ci. Akuya ta tsinki ganye, ita ma ta tsinka ta ɗanɗana. Akuya ta sunsuni ciyawa ta kau da kai, sai Dela ta tsuguna ta ga dalili. Ta sha amai a kan wannan hali, ta sha rankwashi, bai sa ta daina ba. Kakar takan girgiza kai ta ce wannan yarinya ko tsakuwa ta tsinta a hanya sai ta tambaye ta daga ina take.

Da ta auri Sallau ta biyo shi Dakoro, sai suka shiga zaman gidan haya, yau nan gobe can. Kuma kusan kullum dabbobinta ne ke sa a tashe su. Da akuya guda ta fara, ja, wadda wata ƙawarta Bafillata ta ba ta habbanaye, wato aron da in akuya ta haihu 'ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Kaji kuwa daga ƙwai ta tara su. Kafin a ankara, awaki sun cinye shanyar maƙwabta, kaji sun tone tsakar gida, mai gida ya zo da maganar wai ɗansa zai yi aure yana son ɗakin. Haka suka yi ta yawo har 'yar farinsu Hafsatu ta girma aka kai ta ɗakin miji a Ɗan Gulbi, ƙanenta Amiru kuma ya tafi Maradi koyon gyaran babur.

Sannan ne Dela ta kora rabin garkenta kasuwa, Sallau ya haɗa da ɗan abin da jakinsa ya tara masa, suka sayi fili inda gari ya ƙare. Suka kewaye shi da zana, suka kafa bukkoki, suka buga turaku, Dela ta ɗora akurkin kaji a kan duwatsu. Ba wanda zai sake tashinsu. Gini kuwa suka ce sai a hankali, kamar yadda kowa ke yi a wannan gefen garin, inda kowane gida za ka ga tulin tubali a kusurwa yana jiran ranar da hali zai samu.

Ana cikin bazara, rana tana dukan ƙasa, sai wayar Sallau ta yi ƙara. Uwar mijin Hafsatu ce daga Ɗan Gulbi. Ta ce yarinya na da ciki har ya tsufa, da ruwan fari za a kawo ta gida ta haihu gaban uwarta, ta yi wankan jego.

Dela ba ta kama sunan 'yar fari, kunya ce ta hana. Bayan Sallau ya ajiye waya ta daɗe tana kallon rufin bukkar, inda hasken rana ke shigowa ɗigo-ɗigo.

"Malam," ta ce, "yarinyar can ba ta yin jego cikin zana. Ruwa shina zuba bisanta, iska tana kaɗa jariri, surukai su zo bikin suna su iske mu kamar 'yan ci-rani."

"Wa ya ce miki a'a? Ƙasa ce babu."

Gaskiya ya faɗa. Filinsu rairayi ne zalla, in ka kwaɓa shi ka dunƙula, kafin ka miƙe ya watse. Ƙasar gini sai an je tabki, tabkin kuwa da nisa, jaki guda ba zai ɗebo ta ɗaki ba kafin damina, ga ruwan kwaɓi da sai an saya bido-bido, wato jarka-jarka, a pampo.

Ba a yi mako ba Sallau ya shigo da yamma yana dariya tun daga ƙofa, amalanke cike da ƙasa. Elhaji Mamani, ɗan kasuwar da yake yi wa dakon hatsi, yana da tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar kaya, wadda ta rushe a daminar bara. Yanzu yana son ya tada ta siminti, ya ce Sallau ya kwashe tsohuwar ƙasar kyauta, in dai zai share masa wurin.

"Ƙasar tsohon gini ce, Dela. Ta riga ta ruɓa, ta fi ta tabki danƙo. Ga ta nan cikin gari, kusa da kasuwa. Allah ne ya dube mu."

Suka duƙufa. Sallau ya yi ta jigila, Dela ta yi ta ɗauko ruwa. Suka zuba ciyawa suka shiga kwaɓin da ƙafa, suna tattakawa. Dela ta lura fason dugaduganta yana yi mata zafi in ta shiga, kamar an zuba barkono, ta ce a ranta ko zafin rana ne. Tubali ya bushe da wuri, ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa har amsawa yake. Sallau da kansa ya ja igiya ya sa harsashi, don ya taɓa bin magina da yana saurayi. Bango ya tashi, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce Allah ya sa a gama lafiya.

Wata safiya Dela na watsa wa kaji tsaki, sai idonta ya faɗa kan gindin bangon yamma. Wasu tubala sun lotsa, sun yi kwarmi sumul kamar cikin ludayi. Ta tsuguna ta shafa. Ba karaya ba ce, ba tsagewa ba ce. Kamar an goge su da tsumma.

Sallau ya ce gara ce. Suka tona gindin bangon, ba gara ba alamarta. Ya ce to kajinta ne, suna tsattsagar ciyawar da ke ciki.

"Kaza tana barin sawun baki, Malam. Wanga ko santsi gare shi."

Washegari kwarmin ya ƙaru, ya zagayo bangon arewa. Maƙwabciyarsu Ladidi ta leƙo ta kan zana, ta duba, ta rage murya ta ce ita dai ba ta son faɗa, amma ba kowa ke murna in talaka ya tada bango ba, gara a nemi malami. Sallau ya soma yarda da ita. Dela kuwa bangon take kallo. Abin da ke ranta shi ne, mene ne wannan da ke cin bango iya tsawon cinyar mutum, ba ya hawa sama, kuma gefen inuwa kawai yake bi?

Sai ta tuna cewa da tsakar rana ba kowa a gidan. Sallau yana tasha da amalanke, ita kuma tana kai ƙwai wajen masu shayi, daga nan ta biya pampo. Awaki a sake suke a wannan lokaci, suna kalar abin da bazara ta bari.

Ranar nan ta ƙi fita. Ta shiga bukka, ta ɗan buɗa zana da yatsa, ta zauna. Rana ta take, gari ya yi tsit, kaji suka buɗe baki suka kwanta ƙarƙashin akurki. Can sai ga Kyalla, babbar akuyarta mai farin goshi, ta taho a natse, 'ya'yanta na biye. Ta nufi bangon kamar mai zuwa wurin da aka gayyace ta, ta kafa baki, ta soma lasa. Sauran suka jeru gefenta. Ba a jima ba awakin Ladidi suka kutso ta ƙasan zana, sai wasu baƙaƙe da Dela ba ta ma san masu su ba, har da wata tunkiya. Suka yi sahu, idanu a lumshe, ba tunkuyi ba hayaniya, sai ƙarar harsuna a jikin ƙasa.

Da wata macen ce, da ta fito musu da muciya. Dela tsayawa ta yi tana kallo. Bangon Ladidi yana nan kusa, na ƙasa ne shi ma, awakinta sun tsallake shi sun zo nan. Kuma kwanan nan Kyalla ta daina kula 'yar kanwar da take jiƙa mata, ga shan ruwa kamar raƙumi. Da ta gama haɗa waɗannan a ranta sai ta fito ta kore su, ta durƙusa inda Kyalla ta tashi, ta zaɓi tubalin da ba a taɓa ba, ta sa harshe.

Gishiri. Da ɗan ɗacin kanwa daga baya.

Ta matsa gaba ta sake lasar wani don ta tabbatar. A haka Ladidi ta same ta, ta biyo sawun awakinta.

"Dela, lafiya? Ko ke ma cikin ne?"

"Zo ki lasa."

"Ni? Da girmana?"

"Ba mai gani sai awakinki, su ko sun riga ki."

Ladidi ta waiga hagu da dama, ta dangwala yatsa da yawu ta goga a bango ta kai baki. Ta yamutsa fuska, sannan ta fashe da dariya har ta dafa bangon. "Miya kunka gina, ba ɗaki ba."

Da Sallau ya dawo ya kwance jaki, Dela ta bari ya sha fura tukuna.

"Malam, mi Elhaji ke ajiyewa cikin mangazar nan?"

"Hatsi mana. Da wake." Ya sake kurɓar fura. "Da kantun gishiri, na dabbobi. Da buhunan kanwa."

"Da ta faɗi, an fid da su?"

Sallau ya ajiye ludayi. Shi da kansa yana wurin ranar da ta faɗi. Ruwa ya kwana ya wuni a kan kayan, gishiri da kanwa suka narke suka bi ƙasar, Elhaji har kwanciya ya yi don baƙin ciki. Duk ya san wannan, amma da aka ce masa kyauta, bai tuna ba.

"To ai da sauƙi," ya ce. "In sa ƙaya in kewaye bangon, ki ɗaure awakinki. In munka yi yaɓe mai kauri, shi ke nan."

Dela ba ta musa ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Gishirin miya ma in damina ta kama, jiƙewa yake cikin kwalba ba wanda ya zuba masa ruwa. Da safe ta karɓo tubali guda daga tulin Ladidi, ta ɗauko nasu guda, ta ajiye su gefe da gefe a kan tsohon faranti. Ta tsoma tsintsiya a ruwa tana yayyafa musu daidai wa daida, kamar ruwan sama. Sallau yana ɗaura wa jaki kaya yana satar kallo. Na Ladidi ya yi duhu, ya sha ruwan, yana nan yadda yake. Nasu kuwa kusurwoyinsa suka fara zubewa, ya yi laushi, ya baje kamar dunƙulen fura a cikin nono.

Sallau ya zo ya tsaya a kansa. Ya waiga ya dubi bangon da ya ci masa ƙarfi da ruwan saye.

"Yaɓe zai tare," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

"Jariri za mu kwantar gindin wanga bango, Malam."

Bai sake cewa yaɓe ba. Ya zauna a kan amalanke ya ce to abin da ya rage a sayar da awaki a sayi tubali. Nan kuma Dela ta ƙi. Awakin bazara ƙashi ne da fata, wa zai saye su da daraja? Ga Kyalla ita ce mai nonon da za a dama wa mai jego, ga wadda za a yanka mata ta sha romo. In an sayar da su an yi ɗaki, me yarinya za ta ci a cikinsa? Suka rabu a haka, shi ya tafi tasha ba sallama, ita ta zauna tana kallon gabas, inda gajimare ya soma taruwa da yamma yana watsewa.

Ladidi ce ta shigo da la'asar, tana jan akuyarta da igiya.

"Don Allah Dela, ba ni ɓarin tubalin nan guda in kai musu gida. Na gaji da biyo su. Kin ga ma gashinsu har sheƙi ya fara."

Dela ta miƙa hannu za ta ɗauko mata, sai ta tsaya. Ta kan zana tana hango tulin tubalin Ladidi, wanda ke nan tun da mijinta ya tafi Aljeriya neman kuɗin rufi.

"Kawo biyu cikin naku, ki ɗauki guda."

"Ke Dela, ƙasa da ƙasa za ki yi mini ciniki?"

"Tawa da gishiri. Je ki kasuwa ki tambayi kuɗin kantu, ki dawo mu yi magana."

Ladidi ta kira ta 'yar Korahane mai wayon tsiya, ta tafi tana mita. Ba a jima ba ta dawo da tubali biyu a ka.

Labari ya bazu a pampo, ka san bakin mata a layin ruwa. Wannan gefen garin kuwa ba gidan da ba akuya, ba gidan da ba tulin tubali. Aka fara zuwa, wata da faranti a ka, wani da baro. Kowa sai ya lasa kafin ya yarda, Dela kuma sai ta yayyafa wa nasa ruwa kafin ta karɓa. Masu kawo fasassu ta mayar da su. Kowane gida da irin katakon da ya buga nasa, da ramin da ya ɗebo ƙasa, don haka tulin da ke taruwa a tsakar gidanta ya zama wani ja, wani fari-fari, wani baƙi, wani ƙato, wani ɗan tsurut.

Sallau ne ya sha wuya. Shi ya riƙa sauke bangonsa da hannunsa, tubali bayan tubali, a hankali don kada su fashe. A tasha abokansa suka samu abin yi.

"Sallau, an ce ka buɗe ma awaki gidan abinci. Tunkiyata na iya zuwa da bashi?"

Ya haɗiye, ya ce su dai su kawo biyu.

Ranar kasuwa wani Buzu mai suna Intalla, wanda ya sauka da dabbobinsa kusa da rijiya, ya zo ganin abin da ake faɗa. Ya ɗan sassauta rawani ya ɗanɗana, ya ce in don raƙumi ne, wannan wasa ne, amma awaki za su gode. Dela ta gaya masa sharaɗi.

"Mu da ba mu da bango, ina za mu samu tubali?" in ji shi.

Ta tambaye shi me suke da shi. Da yamma ya dawo da dogayen itatuwa masu ƙwari ɗaure a jaki, irin waɗanda suke kafa rumfa da su. Itacen rufi ya samu.

Sai dai cinikin bai kai inda Dela ta so ba. Tubali guda yana daɗewa a gaban akuya, duk mai so ya samu, masu zuwa suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Sallau ya yi 'yan sawu zuwa tabki ya ɗebo ƙasar da za a ɗaura tubalan da ita, ya sake jan igiya a ɗaya gefen filin, nesa da inda gishiri ya zuba. Ginin ya ba shi haushi, don tubalan ba sa haɗuwa, sai ya yi ta juya su yana cike gurbi da laka. Bango ya kai kafaɗa, ya ɗan wuce, tubali ya ƙare. Iska ta juya, tana kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Dela ta kama zakarunta da bunsuru guda ta kai kasuwa, ta dawo da tsohon kwanon rufi mai ramukan ƙusa.

"A rufe haka nan," ta ce.

"In na miƙe kaina zai bugi kwano."

"Ai ba kai za ka yi jego ba."

Suka rufe. Suka yaɓe ciki da gaban ɗakin, bayan kuwa ƙasa ba ta isa ba. Dela ta daɓe ƙasan, ta kunna wuta a ciki don ya bushe, ta shigo da gadonta na ƙarfe.

Motar kasuwa ce ta sauke Hafsatu da hantsi, ita da ƙanwar mijinta da ƙunshin kaya. Ta durƙusa da ƙyar ta gaida uwarta. Dela ta amsa tana kallon wani wuri, ta ce wa 'yar rakiyar ta shigar da ita ta huta. Ta gefen ido ta ga Hafsatu ta shige ƙofar ba tare da ta sunkuya ba.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashi faifai da tsummoki, zana ta soma rawa. Dela ta bi 'yan tsaki da kwando ta kife su, ta kora awaki cikin bukka, inda Sallau ya riga ya fake da buhun dusa. Ruwa ya sauko da ƙarfi, yana dukan kwano har ba a jin magana. Guntun tsohon bangon da ya rage a can gefe ya soma zubewa, jan ruwa yana gangarowa daga gindinsa.

Dela ba ta shiga ko'ina ba. Ta yafa buhu a ka ta zagaya bayan sabon ɗakin, inda ba yaɓe, tana danna tubalan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sun jiƙe, amma yatsan bai shiga ba.

"Inna, ki shigo, kina jiƙewa," Hafsatu ta kira daga ciki.

"Shina zuba?"

"Kusurwa guda ce, wajen ramin ƙusa. Na tara tasa."

"Ku ja gadon gefe."

Ta ji ƙarar ƙafar gado a kan daɓe. Ta sake zagayawa, ta duba gindin bangon gabas inda ruwa ya fi duka, ta tura rairayi da ƙafa ta karkatar da kwatar da ke neman kwantawa a wurin. Sannan ta sunkuya ta shiga, ta tsaya bakin ƙofa tana ɗiga, ta ce wa 'yar rakiyar ta miƙo mata zane.

Gero ya kai gwiwa lokacin da Hafsatu ta sauka, ta samu 'ya mace, aka sa mata Aziza. A ɗakin ta yi jegonta har ta gama wanka, Dela na dafa mata ruwa safe da yamma a ƙarƙashin 'yar rumfa, Kyalla na ba da nono. Surukai da suka zo bikin suna daga Ɗan Gulbi, mazan sun sunkuya, matan suka ce ɗakin da ɗumi. Bayan an yi girbi, Sallau ya koma jigilar ƙasa daga tabki, sawu ɗaya in ya taso daga tasha, yana zubewa a kusurwar gida.